Filin Makaniki: Kafin a ce a ƙara gas, a duba hanyar iska

Assalamu alaikum. Tun da hazo ya fara janyewa, zafin bazara ya leƙo, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kusan duk a kan esin mota suke. Na gajarta wasu don wuri ya isa.

Tambaya: Malam, ina da Corolla 'yar Kwatano, da ita nake zirga-zirga tsakanin Samaru da cikin gari. In na kara hannu a bakin mafitar iska ina jin sanyi, amma iskar ba ƙarfi ko na kai fanka lambar ƙarshe, sai ƙugi kawai. Na kujerar baya ba sa jin komai. An ƙara mini gas har sau biyu, ba abin da ya sauya, yanzu kuma an ce sai na sayi kwamfiresa. Daga wani malamin makaranta, Samaru.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Kwamfiresar da ta mutu ba ta ba da sanyi ko kaɗan, kai kuwa ka ce kana jin sanyi a tafin hannu. Sanyin yana nan, abin da zai ɗauko shi ya kawo maka ne ya rasa hanya.

Je ka tsaya a gaban motarka ka dubi gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya. Za ka ga wata baƙar roba mai huji-huji da ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta nan iskar waje ke shiga. Ba a banza aka zaɓi wurin ba: in mota na gudu, iskar da ta hau kan bonet takan taru a gindin gilashi ta matsu, sai ta tura kanta ciki ko fanka a kashe take. Kuma ya fi hancin mota tsayi da nisa daga salansar motar da ke gabanka. A ƙarƙashin robar akwai kwari mai magudana a kowane gefe, don ruwan sama ya bi ta bayan tayoyin gaba ya zube. Mu nan Zariya da kowa ke neman inuwar dalbejiya ko mangwaro ya ajiye mota, a wannan kwarin ganye ke taruwa.

Daga nan iska ta gangara cikin wani baƙin akwatin roba da ke ɓoye a bayan dashbod. Farkon abin da take tararwa wata 'yar ƙofa ce da ke zaɓa tsakanin iskar waje da ta cikin mota. Sai filta. Sai fanka, wadda ba mai fukafukai ba ce irin ta ɗaki. Zagayayyen keji ne mai ƙananan haƙarƙari, yana zuƙo iska ta tsakiya ya watsa ta gefe da ƙarfi. Sai ibaforeta, wani ƙaramin lagireto na alminiyam mai siraran ganyaye a matse da juna, wanda gas ke bi ta cikin bututunsa. Duk iskar da za ta shigo maka sai ta ratsa ta tsakanin ganyayen nan, ko esi na aiki ko ba ya aiki. Bayan ta wuce ne wata ƙofar ke raba ta, wani kaso ya bi ta hita, wani ya kauce mata, su sake haɗuwa. A ƙarshe wasu ƙofofin su aika ta fuska, ko ƙafa, ko gilashi. Hanya ɗaya ce tilo, a jere. In wuri guda ya toshe, duk abin da ke gaba da shi ya tashi a banza.

A motarka zargina na kan filta. A yawancin Corolla da Camry da Accord tana bayan akwatin ajiya na gaban fasinja. Ka buɗe shi, ka matse gefensa biyu ya sauko ƙasa, za ka ga wani siririn murfi mai maƙalli. A tsofaffin Golf irin 3 da 4 kuwa ta waje take, ƙarƙashin waccan baƙar robar ta gindin gilashi. Ba ka bukatar sifana. Wadda na zaro daga wata Camry kwanan baya, a ce fara ce tun asali sai an rantse. Ta koma kalar jar ƙasa, ta yi nauyi a hannu, tsakanin ninkinta cike da busasshen ganye, da ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara, har da rasit ɗin gidan mai da fanka ta zuƙo daga ciki. Na ɗaga ta ga rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Mai motar shi ma gas aka yi ta ɗura masa.

Masu ƙera mota kan ce a sauya filta bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko shekara guda. Lissafin ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba ke nan. A nan ƙurar da ke saukowa daga Sahara tsakanin Disamba da Fabrairu kaɗai ta isa ta cika ta, don haka ni shawarata a duba ta duk ƙarshen hunturu. Kai wa mai faci ya hura ta da iska yana ɗan taimakawa na 'yan makonni, amma ƙurar hazo laushi gare ta, cikin zaren take shiga. Sabuwa ba ta kai kuɗin gas gwangwani biyu ba. In za ka sa, lura da kibiyar da ke gefenta da abin da aka rubuta kusa da ita, kada ka kifa ta.

Abin da nake roƙonka kada ka yarda da shi, shi ne a ce a cire ta gaba ɗaya a yar wai don iska ta samu ƙarfi. Za ta samu, na ɗan lokaci. Amma ibaforeta a jiƙe take kullum in esi na aiki, ƙura kuwa in ta haɗu da laima ta zama taɓo. Sannu a hankali taɓon zai liƙe tsakanin ganyayen nan, kuma shi ba a zaro shi da hannu. A motoci da yawa sai an sauke dashbod ɗungurungum, aikin yini guda, da karyewar maƙallai da ba sa komawa yadda suke. In ka buɗe ka tarar wurin filtar wayam, to mai yiwuwa abin da ya same ka ke nan.

Batun gas kuma. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa. Zagaye yake yi a rufaffen bututu: kwamfiresa ta matse shi, kwandensa da ke gaban lagireto ta fitar da zafinsa ya zama ruwa, ya bi ta wata 'yar ƙuntatacciyar kafa ya fesu cikin ibaforeta, a can ya sake zama tururi. Wajen zama tururin nan yake kwashe zafin iskar da ke wucewa, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa saboda laimar da ke bushewa a jikinta. R134a da ke cikin yawancin motocinmu yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili in ba a matse shi ba. In ya ragu, wani wuri ke yoyo, sai a nemo wurin. Kuma yana da ma'auni: akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin giram nawa motarka ke ɗauka, yawancin ƙananan motoci tsakanin 400 ne zuwa 700. In aka zarce, matsi ya yi yawa, sanyi ya ragu, kwamfiresa ta yi ta yankewa. Da haka ne wanda bai da matsalar kwamfiresa yake samunta. Ka sa a auna naka da geji, don bayan ɗuri biyu ina kyautata zaton ragewa za a yi.

Tambaya: Ina gaisuwa. Duk lokacin da na tsaya da mota sai in ga ruwa yana ɗiga a ƙarƙashinta, ina tsoron ko lagireto ne. Kuma da safe in na kunna esi sai wani wari na ruma ya bugo ni. Daga wata uwargida, Gyallesu.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. In ruwan garai ne, ba kala ba ƙanshi, kuma ta saitin ƙafar fasinjan gaba yake ɗiga, alamar lafiya ce. Ibaforeta kan yi sanyi har kusa da digiri 2 zuwa 5, sai laimar da ke cikin iska ta zama raɓa a jikinta, ta taru a ƙasan akwatin ta fita ta wani ɗan bututun roba. Da damina za ki ga ya fi yawa, da hunturu kusan babu, don iskar a bushe take. Ranar da za ki damu ita ce ranar da ɗigar ta tsaya alhali esi na aiki a watan Agusta. Bututun ya toshe ke nan, ruwan zai koma ciki. Za ki ji shi yana kacal-kacal a bayan dashbod in kika sha kwana, kafet ɗin gaba ya jiƙe.

Warin daga nan yake. Kin kashe mota, ibaforeta na jiƙe, akwatin a rufe cikin duhu da ɗumi har wayewar gari, dole ruma ta samu wurin zama. Turaren mota ba ya maganinsa, haɗuwa suke su zama wani abu dabam. A sauya filta, a buɗe bututun, a wanke ibaforetar da kumfar da ake sayarwa don haka. Daga nan ki riƙa kashe maɓallin esi kamar minti uku kafin ki iso gida, ki bar fanka na gudu da iskar waje, ta busar da ita. Daga Ƙofar Doka ma ya isa.

Amma in ruwan da ke kan kafet yana da santsi a yatsa da ɗan ƙanshi mai zaƙi-zaƙi, ko yana da kala kore ko ja, wannan ruwan injin ne daga hita. Shi kam kada ki jinkirta, don injin ne ke asarar ruwansa.

Tambaya: Oga, ni direban Sharon ne, Zariya zuwa Kano. Akwai maɓalli mai hoton mota da kibiya ta lanƙwashe a ciki. An ce mini in bar shi a kunne kullum don sanyi ya fi kamawa. To amma da na wuce Tashar Yari sai barci ya fara fizgata ko na yi barcin kirki da dare. Da damina kuma gilashi ya yi ta yin hazo ta ciki ina gogewa da tsumma. Akwai alaƙa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma tambayarka ta fi ta kowa nauyi a wannan karon, don da rayukan mutane kake tafiya.

Maɓallin nan shi ke rufe waccan ƙofar farko da na ambata wa Malam. In ya kama, fanka ta daina jan iskar waje, sai ta riƙa zuƙo ta cikin mota daga wajen ƙafar fasinja, ta sanyaya ta, ta mayar. Wanda ya ce maka sanyi ya fi kamawa bai yi ƙarya ba. Sake sanyaya iskar da ta riga ta huce ya fi sauƙi a kan ta waje mai digiri 40. Yana da amfani kuma in ka samu kanka a bayan tirela mai baƙin hayaƙi, ko kana ratsa inda ake ƙona bola. Sai dai ka lissafa mutanen da ka loda. Kowannenku yana fitar da iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa da kowane numfashi. A rufaffiyar mota cike da mutane, wannan iskar kan ninka ta waje sau da yawa kafin a yi rabin awa, kuma abin da take jawowa shi ne nauyin kai, hamma da gyangyaɗi. Tururin numfashin kuma shi ne hazon gilashinka. A doguwar hanya ka riƙa kashe maɓallin, ko aƙalla duk bayan kwata ɗin awa ka ba shi hutun 'yan mintuna. In ruwa ya sauko, kashe shi gaba ɗaya, kunna esi, juya iskar zuwa gilashi. Esi busar da iska yake yi, busasshiyar iska ce ke share hazo, ko da ka ɗan haɗa da ɗumi. Shi ya sa motoci da yawa ke tayar da kwamfiresa da kansu da zarar an juya zuwa hoton gilashi.

Akwai abin da mutane ba su cika sani ba, har da wasu 'yan'uwana masu gareji: iskar da ta shigo mota tana da ƙofar fita. A can baya take, a gefen but ta ciki, ɓoye a bayan bamba. Wasu 'yan tagogi ne masu leɓen roba da ke buɗewa waje kaɗai. Iska ta shiga ta gindin gilashi, ta ratsa fasinjoji, ta bi ta bayan kujeru, ta fice ta nan. Su ne ma ke sa ƙofa ta rufu ba tare da kunnenka ya toshe ba. In buhuna suka danne su, ko mai gyaran jiki ya liƙe su da foti bayan an bugi motar ta baya, sabuwar iska ba za ta shigo da yawa ba, don tsohuwar ba ta da wurin zuwa. In kuma leɓen ya yage, ƙofar fita ta zama ta shiga, ƙura da hayaƙi su biyo ta.

Wannan ya kawo ni kan lodin da kuke yi, but a buɗe an ɗaure da igiya. Bayan mota mai gudu wuri ne da iska ke juyawa tana komowa, kuma a nan salansa ke zubar da hayaƙinta. But a buɗe, hayaƙin cikin mota yake komawa, musamman in an ɗan sauke gilashin gefe, don shi ma zuƙo iska yake daga ciki. A cikin hayaƙin akwai kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da kala, ita ce wadda ke kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da barci. Don haka kada ka tsaya kan maɓalli kawai. Sa a ɗaga motar a bi salansa tun daga injin har wutsiya a ga ko ta huje, a duba robar ƙofar baya. In lodi ya tilasta maka barin but a buɗe, sa fanka a lamba mai ƙarfi da iskar waje, ta riƙa tura iska daga gaba zuwa baya. Haka ma a hanyar ƙauye mai jar ƙasa in ba mota a gabanka: iskar waje ta cikin filta tana cika motar, ta hana ƙura kutsowa ta kafofin ƙofa.

Tambaya: Fankar motata ba ta aiki a lamba 1, 2 da 3, sai a 4 kaɗai. Fankar ce ta lalace? Daga wani ɗalibi, Kongo.

Amsa: A'a ƙanena, fankarka lafiya lau. Rasista ce ta ƙone, wani ɗan ƙarfe mai sukurori biyu kusa da fankar, wanda ke rage wuta a ƙananan lambobi. Lambar ƙarshe ba ta bi ta kansa, shi ya sa ita kaɗai ta rage. A cikin hanyar iska aka dasa shi don iskar ta riƙa sanyaya shi, saboda haka in ka sauya ka duba filta, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Tambaya: Ina fita aiki Shika da asuba. A sanyin da ya wuce na murɗa zuwa ja amma iska mai sanyi kawai ke fitowa. Ko motocin da ake kawowa nan ba su da hita ne? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada.

Amsa: Suna da ita, ranki ya daɗe, daga ƙasashen ƙanƙara ma aka kawo yawancinsu. Hitar mota ba ta wuta ba ce. Ƙaramin lagireto ne a cikin wancan akwatin, ruwan injin mai zafin kusan digiri 90 ke zagayawa ta cikinsa. Abu biyu muka saba yi mata a ƙasar nan. Na farko, da ta fara yoyo sai a cire tiyo biyun da ke shiga ta bangon injin a haɗa su da juna. Buɗe bonet ki duba bangon da ke tsakanin injin da cikin mota. In kin ga bakin bututu biyu a sake ba tiyo, an yi ke nan. Na biyu, cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban taɓa yarda da wannan ba. In babu shi, ruwa na zagaya lagireto tun injin bai ɗumama ba, a asubar Janairu kina iya kaiwa Shika allurar zafi ba ta tashi daga ƙasa ba. Hita ba ta samu abin bayarwa ba, injin kuma ya fi shan mai.

In duka biyun lafiya, saura ƙofar da ke haɗa zafi da sanyi. A tsofaffin motoci waya ce ke jan ta, ana iya gyarawa da filaya. A na yanzu ɗan ƙaramin moto ne mai haƙoran roba. In haƙoran suka cinye za ki ji ƙas-ƙas-ƙas a bayan dashbod da kin kunna mota, wani sa'in ma gefen direba sanyi gefen fasinja zafi. Tsarin haɗa hita da esi da iskar waje a akwati ɗaya a gaba, kamfanin Nash na Amurka ne ya fito da shi a 1954. Kafin nan, Packard ta 1940 a but take ɗauke da ibaforetarta, kuma in mai ita ya gaji da sanyi sai ya buɗe bonet ya cire bel.

Tambaya: In ina gudu a hanyar Kaduna esi kamar firji, amma da na shiga cunkoson PZ ko Kwangila da rana sai ya koma huci. Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari.

Amsa: Alhaji, taka matsalar ita ma ta iska ce, amma ta waje. Zafin da aka kwashe daga cikin mota sai kwandensa ta zubar da shi, ita kuma sai iska ta ratsa ta. Kana gudu, hanya na ba ta iska kyauta. Ka tsaya, sai fankar gaban injin. Kunna esi motar na tsaye, buɗe bonet ka gani: in kwamfiresa ta kama, ya kamata fankar ta tashi. In ba ta tashi ba, ko tana juyi a kasalance, a duba fis da rile, wato ɗan makunnin da ke tayar da ita, kafin a ce moton ne. Sannan leƙa ta hancin motar ka ga fuskar kwandensar. Ƙura, fara, ciyawa da ledar fiya-wata duk a nan suke mannewa. A wanke da ruwa mara ƙarfi. Masu wankin mota da injin feshi in suka matso kusa, kwantar da ganyayen suke yi, su toshe ta fiye da da.

Motar da ta yini a rana a watan Afrilu kuwa, cikinta kan wuce digiri 60, kada a bar yaro a ciki ko na minti biyar. In za ka tashi, sauke gilasai duka, sa fanka a ƙarshe da iskar waje, ka yi tafiyar minti biyu zafin ya fice. Sannan ka ɗaga gilasai ka danna maɓallin kibiyar nan, in motar ta yi sanyi ka sake shi.